Yadda Ake Zama da Tafiya a Motar Gida Ba Tare da Ruwa ko Wuta Sun Yanke Ba

Motar gida, wato motar da aka haɗa wa gado da kicin da banɗaki a cikinta, tana da daɗin kallo a hoto. Amma duk wanda ya saki gidan haya ya tare a cikinta gaba ɗaya, kafin mako ya zagayo zai gane cewa aikin da hukumar ruwa da kamfanin wuta da masu kwashe shara suke yi masa ya dawo wuyansa. Ruwan da zai sha shi zai ɗebo, wanda ya ɓata shi zai nemi inda zai zubar, wutar da zai kunna da dare tun da rana zai tara ta. Kuma duk wannan yana bisa tayoyi ne masu iyakar abin da za su ɗauka. Zaman nan lissafi yake so, na nauyi da ruwa da wuta da ƙazanta, kuma akwai tsarin da ya kamata a bi wajen koyon su.

Kafin ka saya

Ka ɗauki hayar irin motar da kake so na kamar mako biyu, ka zauna a ciki har ruwan sama ya tsare ka yini guda da ƙofa a rufe. A ranar ne za ka san ko wurin ya ishe ka, musamman idan ku biyu ne. Ƙaramar bas da aka gyara tana shiga ko'ina, tana fakin inda ƙananan motoci ke fakin, amma tankunanta ƙanana ne. Babbar mota tana da wadatar wuri, sai dai duk inda za ka je sayen abu da gidanka za ka tafi. Tirela da ake ja da akori-kura tana ba ka damar kwance ta a masauki ka shiga gari da motar kawai, amma komawa baya da ita sai an koya.

Idan ta hannu za ka saya, babban abin dubawa shi ne yoyo, ya ma fi inji muhimmanci, domin inji ana gyara shi a san an gama, ruwan da ya shiga bango kuwa yana ruɓar da katako a ɓoye. Ka buɗe kowace durowa ta sama ka haska lungunta da tocila. Ka danna bango da yatsa a gefen tagogi da inda rufi ya haɗu da bango. In ya lotsa, ko kuwa hancinka ya ji warin funfuna da shigarka, ka haƙura da ita komai arahar ta.

Ka fara da sikeli

A jikin ƙofa ko cikin ɗakin inji akwai ɗan allo da aka buga adadi a kai: iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, da iyakar abin da gatarin gaba da na baya za su ɗauka kowanne (gatari a nan shi ne sandar ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama). Ka rubuta su. Sannan, kafin ka sa ko cokali, ka kai motar babban sikelin da manyan motocin kaya ke hawa, ka auna ta wayam. Bambancin da ke tsakanin adadin allon da na sikelin shi ne dukiyarka, kuma sau da yawa bai kai yadda mai sayarwa ya faɗa ba, don rumfa da farantan sola da ƙarin baturi duk sun riga sun ci daga ciki.

A ce iyakar motar kilo 3,500 ne, sikeli ya nuna 3,050. Saura 450. Mutum biyu sun ɗauke 150. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 100 ya tafi da 100. Cikon man dizil lita 80 ya kusa kilo 70. Silindar gas biyu da ƙarfensu sun kai 40 zuwa 50. Ka ga abin da ya rage wa tufafi, tukwane, abinci, kayan gyara da kekuna bai cika kilo 100 ba. Wannan adadi na 3,500 ba haka kawai na kawo shi ba: a ƙasashen Turai lasisin ƙaramar mota galibi a nan ya tsaya, wanda ya haura sai da lasisi na gaba mai kaiwa kilo 7,500. A Amurka dokar ta fi sassauci, jihohi da yawa suna barin mai lasisi na yau da kullum ya tuƙa mota mai nauyin har fam 26,000 (kusan kilo 11,800), amma taya da birki ba ruwansu da sassaucin doka.

Bayan ka gama lodi, da tanki cike da kowa a kujerarsa, ka sake komawa sikeli, wannan karon ka auna gatarin gaba daban, na baya daban. Mota na iya zama ba ta wuce jimilla ba amma bayanta ya wuce, saboda kaya masu nauyi an jibge su can ƙarshe, bayan tayoyin baya. Kaya masu nauyi ƙasa ake sa su, tsakanin gatari biyu. Durowoyin sama na tufafi ne da abin da ko ya faɗo ba zai fasa kai ba. Mai jan tirela kuma ya kula da nauyin da ke sauka a kan ƙugiyar ja. In kayan sun yi baya da yawa, tirelar za ta fara lilo a kan babbar hanya, kuma lilon nan shi ke kifar da mutane.

Tayoyi kuwa shekarunsu ake dubawa, ba zanensu kawai ba. Motar gida kan daɗe a tsaye cikin rana, sai roba ta tsufa zanen yana nan sabo fil. A gefen taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Idan ta haura shekara biyar zuwa bakwai, ka fara shirin canji. Iska kuma da safe ake auna ta, kafin a tuƙa, taya tana sanyi.

Ruwa, mai tsabta da wanda aka ɓata

Tankuna uku ne a yawancin motocin: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. Ka ware tiyo guda na ruwan sha kaɗai, irin wanda aka yi don ruwan sha, ka ajiye shi a jakarsa da bakunansa biyu a haɗe da juna don kada ƙwaro ko ƙura su shiga. Kada ya taɓa kwana wuri ɗaya da tiyon ƙazanta. In ka iso famfon da ba ka sani ba, ka bar ruwan ya zuba na ɗan lokaci, ka tara a kofi ka duba ka shinshina kafin ka sa a tanki. Idan kai-tsaye za ka haɗa famfon masauki da bututun motar, ka sa ɗan ƙarfen nan mai rage ƙarfin ruwa a bakin famfon, don bututun ciki na roba ne, ƙarfin da ya yi yawa yana ɓalle mahaɗarsu a bayan durowa inda ba za ka gani ba sai ƙasa ta jiƙe.

Sau biyu a shekara ka wanke tankin: kimanin mililita ɗaya na bilic marar ƙamshi ga kowace lita, a dama shi da ruwa a bokiti kafin a zuba, a cika tankin, a buɗe kowane famfo har a ji warinsa, a bar shi aƙalla awa huɗu, sannan a zubar a ɗauraye har warin ya tafi.

Wanka ne ke cinye ruwa. Ka jiƙa jiki, ka rufe, ka goga sabulu, ka buɗe ka ɗauraye. Kwanuka kuma a share maiƙonsu da takarda kafin su ga ruwa; hakan na rage ruwan da za a kashe, yana kuma hana tankin wanke-wanke wari, wanda in ya tashi wani lokacin ya fi na masai tsanani.

Yanzu ga wurin da sababbi suka fi yin kuskure. Idan ka sauka a masaukin da ke da ramin magudana kusa da kai, za ka ji kamar ka haɗa tiyo ka bar bawul ɗin tankin masai a buɗe, komai ya riƙa wucewa. Kada ka yi. Ruwan ne kawai zai gudu, daskararren ya tsaya ya taru a ƙarƙashin bakin masan, ya bushe ya zama tudu, kuma fasa wannan tudun aiki ne da ba na yi wa kowa fatansa. Ka bar bawul a rufe har tankin ya kai kashi biyu cikin uku. Ranar zubarwa, ka sa safar hannu, ka fara cusa bakin tiyon a ramin magudana ka danne shi da wani abu mai nauyi, sannan ka haɗa ɗayan bakin a motar ka murɗa har ya kama. Ka ja bawul ɗin masai gaba ɗaya, ka jira har ƙarar ta ɗauke. Ka rufe. Sai ka buɗe na ruwan wanka, wanda sabulun cikinsa zai wanke maka tiyon. Ka ɗaga tiyon daga ɓangaren mota zuwa rami don sauran ya gangara, ka cire, ka ɗauraye da ruwan da aka tanada don haka. Daga nan ka koma ciki ka zuba lita takwas zuwa goma na ruwa a masan tare da maganin tanki. Tankin masai ba a barin sa a bushe.

Motocin Turai da yawa ba su da wannan babban tankin, sai ƙaramin akwati na lita 17 zuwa 20 da ake zarowa ta wata ƙofa a waje. Ga mutum biyu, kwana biyu ko uku ya cika. Lokacin juye shi akwai ɗan maɓallin iska a saman akwatin. Ka karkata bakin ƙasa tukuna sannan ka danna, sai ya zuba salin-alin ba tare da fantsama ba. Ko wane iri kake da shi, a wurin da aka keɓe kawai ake zubarwa. Masu juyewa a kwatar gefen titi ko cikin daji su ne ke sa garuruwa su kafa allon hana motocin gida kwana, sai laifin mutum ɗaya ya shafi kowa.

Lissafin wuta

Wuta iri biyu ce a motar. Akwai ta baturi mai bolt 12, ita ke riƙe fitilu, famfon tura ruwa, fanka da cajin waya. Akwai kuma irin ta gida, bolt 120 a Amurka ko 230 a Turai, wadda ba ta samuwa sai ka jona da turken wuta na masauki, ko ka tada janareta, ko ka kunna inbata ta juya maka ta baturi.

Ka ɗauki takarda ka jera abin da kake kunnawa, ka ninka wat ɗin kowanne da awoyin da yake aiki. Firji mai aiki da baturi na iya cin wat-awa 500 a yini, kwamfuta da wayoyi 200, fanka 150, fitilu 60, famfo 30. Jimilla 940. Baturi mai amfiya-awa 100 a bolt 12 yana riƙe da kimanin 1,200. To amma in na dalma ne, rabi kawai ya kamata ka ci, don zuƙe shi ƙasa da haka yana gajarta ransa. Ke nan 600 kake da shi, bai kai ka gobe ba. Na lityum yana ba da kusan duka, ya fi sauƙin nauyi da yawa, kuma ga mai zama na dindindin ni dai shi nake ganin ya cancanci kuɗinsa. Sharaɗinsa guda: ba a caja shi idan sanyinsa ya kai digiri sifili ko ƙasa, sai in yana da abin ɗumama kansa.

Farantin sola mai wat 100 yana tara wat-awa 300 zuwa 500 a rana mai haske, ya danganta da wuri da lokacin shekara. Don cike 940 ɗin nan kana buƙatar kamar wat 300 a rufi, kuma inuwar reshe ɗaya a kan faranti tana iya karya abin da yake bayarwa sosai. A ƙasashen arewa lokacin hunturu sola ba ta riƙe mutum, saboda haka ka sa na'urar da ke caja baturin ɗaki daga injin mota yayin tuƙi.

Duk abin da ke zafafa wani abu da lantarki maƙiyin baturi ne. Butar lantarki mai wat 2,000 tana jan sama da amfiya 160 daga baturin bolt 12. A masauki ma akwai iyaka: turke mai amfiya 30 a Amurka wat 3,600 yake bayarwa, mai amfiya 50 kuma har 12,000. A Turai 16 ne mafi yawa, wasu sansanonin 6 ko 10 kawai suke saki. Ka kunna na'urar sanyaya ɗaki da buta lokaci guda a irin wannan turken, sai ka fita cikin duhu neman makunnin da ya faɗi. Ka kashe makunnin turke kafin ka jona fulogi, ka kashe shi kafin ka zare.

Gas da abin da ba ya wari

Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Shi ya sa akwatin silinda yake da rami a ƙasansa. Kada ka toshe shi da kaya. Ka gwada mahaɗai da kumfar sabulu, in ta yi ƙwai to akwai yoyo. Gas ɗin butan yana daina tashi in sanyi ya kai wajen digiri sifili, furofen kuwa yana aiki har ƙasa da digiri 40 ƙarƙashin sifili, don haka mai shiga sanyi furofen zai nema. Ka rufe silinda kafin shan mai da kafin shiga jirgin ruwan fito.

Na'urori uku dole ne: mai jin hayaƙi, mai jin gas a kusa da ƙasa, da mai jin iskar kabon monoksaid. Wannan ta ƙarshen ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Kada ka ɗumama ɗaki da murhun girki, kada ka bar janareta tana aiki kusa da taga, taka ko ta maƙwabci.

Sauka da tashi

Ka yi ƙoƙarin isa da sauran rana. Masu wannan rayuwa a Amurka suna da wata ƙa'ida ta uku-uku: kada tuƙin yini ya wuce mil 300, a iso kafin ƙarfe 3, a yi kwana 3. Ba doka ba ce, amma hikimar ciki gaskiya ce, don yawancin karce da karo a fakin ɗin dare ake yin su, direba a gajiye.

Da isowa, ka sauka ka taka wurin da ƙafa. Ka ɗaga kai ka duba rassa da wayoyi, ka duba ƙasa ko tana da laushin da za ta riƙe taya in an yi ruwa. In akwai mai nuna maka hanya, ya tsaya inda kake ganin sa a madubi. Da ya ɓace maka, ka taka birki. Sannan ka daidaita motar da ɗan ma'aunin magina mai kumfa a kan teburi, ka hau da tayoyin ɓangaren da ya yi ƙasa kan katakai ko matakan roba, ka ja birkin hannu, ka sa waigi. Daidaiton nan ba don daɗin barci kawai ba ne. Firjin da ke aiki da gas yana da sinadarin amoniya da ke zagayawa a bututu, idan motar ta karkace fiye da kamar digiri 3 na tsawon lokaci, zagayawar na tsayawa, bututun ya lalace. Bayan daidaito sai wuta, sai ruwa, tiyon ƙazanta a ƙarshe.

Tsarin tashi kuwa ka rubuta shi a takarda ka manna kusa da sitiyari: tagogin rufi a rufe, rumfa a naɗe, matakala a ciki, durowoyi da ƙofar firji a kulle, famfo a kashe, wayar wuta da tiyo a cire, waigi a ɗauke. Ka zagaya motar sau ɗaya kana kallon sama, sau ɗaya kana kallon ƙasa. A gefen takardar ka rubuta tsayin motar da faɗinta, a mita da kuma ƙafa, bayan ka auna da kanka har da abin da aka ɗora a rufi. Taswirar waya ba ta san tsayinka ba, za ta iya kai ka ƙarƙashin gadar da ba za ka wuce ba. A gangare mai tsawo ka sauko da giya tun daga sama, ka taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci ka saki, maimakon ka ɗora ƙafa a kai har ya yi zafi ya daina kamawa.

Inda doka ta yarda ka kwana

Wannan ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga gari zuwa gari. A yammacin Amurka, filayen gwamnatin tarayya da hukumar filaye ta BLM ke kula da su galibi ana zama kyauta na kwana 14 cikin 28, sannan a matsa. A kusa da garin Quartzsite na jihar Arizona akwai filin dogon zama da ke buɗe daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, da izinin da ake saya. Faransa da Jamus suna da filaye da yawa da aka keɓe wa motocin gida, da famfo da wurin zubar da ƙazanta. A Niyu Zilan wurare da dama ba a yarda ka kwana ba sai motarka tana da shaidar cewa tana riƙe ƙazantarta da kanta. Baƙon da ya shiga yankin Shengen na ƙasashen Turai ba da takardar zama ba kuma, kwana 90 yake da su cikin kowane 180, motar gida ba ta ƙara masa ko ɗaya.

Ko ba ka da gida, banki da inshora da ofishin lasisi suna son adireshi. Amurkawa da yawa kan yi rajista a Teksas, Filorida ko Dakota ta Kudu, jihohin da ba sa karɓar harajin albashi, su ɗauki kamfanin da ke karɓar musu wasiƙu. Ka gaya wa kamfanin inshora a fili cewa a motar kake zaune. Inshorar yawon hutu na iya ƙin biya in ta gano. Intanet kuwa, layi biyu na kamfanoni daban-daban sun wadatar da yawancin mutane, mai aiki daga daji ya duba Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam, ya sa cin wutarta a lissafinsa.

Danshi da ranar gyara

Numfashin mutum biyu da tururin girki a ɗan ƙaramin ɗaki suna sauka a gilashi da bango da ƙarƙashin katifa. Ko ana sanyi ka bar tagar rufi a ɗan buɗe, ka goge gilashi da safe, ka ɗaga katifa lokaci-lokaci ta sha iska. In za a yi sanyin da ruwa ke daskarewa, ka cire tiyon waje, ka bar durowoyin da bututu ke bi a buɗe don ɗumin ɗaki ya kai musu. Duk wata uku ka hau tsani ka bi kowane layin danƙo a rufi, inda ya tsage ka goge ka sake shafawa da irin wanda ya dace da rufinka.

Mota dai sai ta lalace, kuma ranar da ta shiga gareji gadonka da kicinka da firjinka duk sun shiga tare da ita. Ka ware kuɗin da ba a taɓawa, wanda zai biya gyara da kwanakin otal a lokaci guda. Ka tabbata yarjejeniyar janwe da ka saya ta ambaci nauyi da tsayin motarka, don janwen ƙananan motoci ba zai ɗaga ta ba. Sannan ka haɗa ƙaramar jaka da ke zaune kusa da ƙofa: fasfo, takardun mota, magunguna, caja da kayan sawa na kwana uku. Kafin ka miƙa wa makaniki makulli, ka rufe gas, ka kwashe abin da ke firji, ka kuma zubar da tankin masai, domin gyaran da aka ce na kwana biyu yakan jira wani ƙarfe da zai zo daga nesa har mako ya wuce.